Babi na Biyar: Wa Ke Riƙe da Agogon Ɗalibi?

Duk ɗalibin da ya taɓa kai kukan ƙarancin lokaci gaban babba ya san amsar da ake ba shi: ka tsara lokacinka. A zana jadawali, a yanka yini gida-gida, nan lakca, nan shago, can hutu, shi ke nan an yi magani. Shawarar ba ƙarya ba ce, sai dai tana tafe da wani zato da ba a cika furtawa ba, wato cewa lokacin da za a tsara ɗin na ɗalibin ne. Yaron shago a Kantin Kwari da ke karatu a ɗaya daga jami'o'in Kano ba shi ke yanke ranar da kaya za su sauka ba, ba kuma shi ke hana a ɗaga lakcar Talata a mayar da ita Asabar da rana tsaka ba. Mutum biyu ke riƙe da agogonsa, maigida da malami, ba su san juna ba, ba su kuma taɓa zama sun yi shawara a kansa ba. Abin da nake son kafawa a wannan babi shi ne cewa haɗa karatu da neman kuɗi yana yiwuwa, har ma yana da amfani, amma nasararsa ba ta rataya a kan jajircewar ɗalibi kamar yadda muke son faɗa. Ta rataya ne a kan yawan awoyin aikin, da kuma hannun da ke da ikon yanke su.

A fara da lissafi, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. Mako yana da awa 168. A jami'o'in Najeriya ɗalibi na ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zango guda, kowane yunit kuwa awa ɗaya ce ta lakca a mako. Ma'aunin da ake aiki da shi a Amurka ya ce duk awa ɗaya a aji tana buƙatar biyu a wajen aji, na bita da aikin gida. Turai ta bi wata hanyar ta iso kusan wuri ɗaya, domin a tsarinta shekarar karatu guda tana cin awa 1,500 zuwa 1,800, daidai da shekarar ma'aikaci mai cikakken aiki. Mu ɗauki mai yunit 18, mu yi masa rangwame mu ce awa 45 yake ba karatu a mako maimakon 54. Mu cire barcin awa bakwai kullum, 49 ke nan. Mu cire 12 na hanya, ga wanda ke zaune cikin gari yana bin adaidaita sahu ko bas safe da yamma. Mu cire uku kullum na salla da abinci da wanka da wanki da ɗiban ruwa, 21. Abin da ya rage awa 41 ne. Idan ya yi aikin awa 20, yana da ragowar uku a yini, a ciki zai gaida iyaye, ya je jana'iza, ya yi jinya in ta zo, ya zauna da abokai. Idan kuwa aikin awa 40 ne, awa ɗaya tak ta rage masa a mako gaba ɗaya. Babu jadawalin da zai haifo masa ta biyu. Dole ya sata daga wani wuri, kuma wuraren satar biyu ne kawai, littafi ko barci.

Ƙasashen da ba su haɗa tsarin ilimi ɗaya ba ma sun tsaya a kan kusan adadi ɗaya na awoyin aikin ɗalibi. Birtaniya ta yarda ɗalibin digiri da ya zo daga waje ya yi aikin awa 20 a mako lokacin da makaranta ke buɗe. Amurka ma 20 ta ce, kuma a harabar makaranta. Faransa ta ƙidaya nata a shekara, awa 964, wanda idan aka raba shi a makonni bai kai 20 ba. Ostireliya, tun daga Yulin 2023, ta ce awa 48 a mako biyu. Mai karatu zai iya cewa waɗannan dokokin shige da fice ne, an yi su don kada baƙi su fake da karatu su kwashe ayyukan 'yan ƙasa, ba don tausayin makin kowa ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma a duba Jamus, inda ƙa'idar awa 20 ta hau kan Bajamushe ɗan ƙasa ma: wanda ya wuce ta a lokacin lakcoci, hukumomin inshora sun daina kallonsa a matsayin ɗalibin da ke taɓa aiki, sun mayar da shi ma'aikacin da ke taɓa karatu, da duk kuɗin inshorar da ke biye da haka. A duba kuma Kanada, wadda ta gwada cire iyakar ɗungurungum daga Nuwamban 2022, lokacin da take fama da ƙarancin ma'aikata, ta dawo da ita a ƙarshen Afrilun 2024, daga bisani ta tsayar da ita a awa 24, tana kafa hujja da binciken da ya nuna cewa wuce hakan yana ƙara haɗarin barin karatu. Ƙasar da ke buƙatar hannuwan ɗaliban nan a shagunanta ita da kanta ta ja musu linzami.

Wurin da ya fi dacewa a tsaya a duba al'amarin da kyau ƙaramar makaranta ce a jihar Kentucky ta Amurka, Kwalejin Berea. An kafa ta a 1855, a yankin da ake cinikin bayi, ta kuma karɓi baƙaƙe da farare, maza da mata, a aji ɗaya. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin koyarwa, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi take ɗauka, sharaɗinta kuwa kowane ɗalibi, ba a cire kowa ba, sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako. Su ke aiki a gonar makaranta, su ke dafa abinci da shara, su ke karɓar baƙi a otal ɗin kwalejin mai suna Boone Tavern, su ke saƙa da ɗaurin tsintsiya a ɗakunan sana'a, manyansu kuma su taimaka wa malamai a ɗakin gwaje-gwaje. Ana biyansu, ana auna aikinsu kamar yadda ake auna karatunsu, har takardar shaidar aiki suke fita da ita ban da ta sakamako. Wanda ke son wuce awa 15 sai ya nemi izini. Abin lura a nan ba kyautar karatun ba ce, domin Berea tana da asusun wakafi da ya haura dala biliyan ɗaya, wanda jami'o'inmu ba su da ko inuwarsa. Abin lura shi ne hukuma ɗaya ce ke riƙe da agogo biyun. Mai ba ɗalibi aiki ya san lokacin lakcarsa, ya san makon jarrabawa, ba zai iya cewa ko ka zo ko na ɗauki wani ba.

Duk da haka, daga wannan makarantar ne aka samo hujja mafi ƙarfi cewa aiki yana cin maki. Masana biyu, Ralph Stinebrickner da Todd Stinebrickner, sun wallafa bincike a 2003 a kan ɗaliban Berea na shekarar farko. Da suka kwatanta awoyin aiki da sakamako kai tsaye, sai suka ga masu yawan aiki sun ɗan fi maki, abin da zai faranta ran duk mai cewa wahala ce ke gyara yaro. Amma sun san tarkon da ke ciki: ɗalibin da karatu ke yi wa sauƙi, ko wanda dama mai himma ne, shi ke da ƙarfin halin neman ƙarin awoyi, don haka ba aikin ne ya ba shi makin ba. Sa'ar da suka samu ita ce a Berea sabon ɗalibi ba ya zaɓar wurin aikinsa, tura shi ake yi, kuma wasu wuraren suna da damar ƙarin awoyi, wasu babu. Da suka bi ta wannan hanyar, inda himmar mutum ba ta da hannu a rabon, sai sakamakon ya juya: ƙarin awar aiki tana rage maki, ragi mai ganuwa. Wannan ita ce amsar maganar da ake yawan ji a majalisa, wai ai wane ga shi can ya ja acaɓa shekara huɗu ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya. Wane yana nan, ba a musa ba. Amma ana ganinsa ne don ya tsira. Waɗanda suka fara tare da shi suka tara keri-oba har aka sallame su ba sa zuwa majalisa su ba da labari, kuma ba wanda ya san makin da shi kansa wanen zai samu da an bar shi da littafinsa.

Idan aiki na cin maki ko a wurin da aka tsare shi haka, me ya sa ban ce a daina ba? Domin maki ba shi kaɗai ake zuwa nema ba, kuma domin zaɓin daina aiki ba ya hannun yawancin ɗalibanmu. Jami'ar Najeriya an gina ta ne don wani irin ɗalibi da yanzu ya yi ƙaranci. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibi yana da ɗaki a harabar makaranta, yana da abinci sau uku a kafteriya bisa tallafi, da yawa kuma suna da kuɗin karatu daga gwamnati. Yadda wannan ciyarwar ta zama jigo ana iya ganinsa a abin da ya faru a Afrilun 1978, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini ya tayar da zanga-zangar da aka laƙaba wa sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A shekarun 1980 tallafin abincin ya tafi. Gadajen kwana suka kasa bin yawan ɗalibai. Amma jadawalin ya zauna yadda yake, na mutumin da ba shi da abin yi sai jiran malami: lakca ƙarfe takwas, wata ƙarfe biyu, tes ɗin ba-zata, da ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 kafin a shiga jarrabawa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da naira 20,000 a wata, ba ruwa. Taimako ne na gaske, amma idan aka raba shi kwana talatin bai kai naira 700 a yini ba.

Abin mamaki shi ne ƙasar Hausa ta daɗe da sanin makarantar da ke lissafi da cikin ɗalibi. A tsangaya karatu yana da lokutansa, da asuba, da yamma, da dare a gindin wuta, tsakiyar yini kuma gardi ya kama ɗinkin hula ko wanki da guga ko dako. Alhamis da Juma'a allo na jingine. Da damina a nufi gona. Ba ina wanke tsarin daga laifin sakin ƙananan yara su yi bara ba, wannan magana ce dabam mai nauyi. Abin da nake nunawa shi ne malamin tsangaya ya san almajirinsa babba da hannunsa yake ci, sai ya gina lokacin karatu a kan haka. Ɗinkin hula kuma ba a banza ya zama sana'ar masu karatu ba: ana ɗauka ana ajiyewa, allura ba ta fushi don an bar ta an tafi ɗaukar darasi.

Wannan sifar ita ce ma'aunin da ya kamata ɗalibin yau ya ɗora kowane aiki a kai, kafin ma ya tambayi nawa ake biya. Ɗinki da ƙunshi da kitso da gyaran waya da buga takardu a kwamfuta da koyar da yara da yamma ayyuka ne da mai yinsu zai iya cewa sai bayan jarrabawa. Tsaron shago da zaman POS na wani da gadi da tuƙin adaidaita sahun da ake kai balas kullum ba haka suke ba. A nan sayar da zama ake yi, ko da ciniki ko babu, kuma ranar da aka fi buƙatarka a kasuwa ba ruwanta da ranar tes. Doka ma ba ta tsaya wa irin wannan ma'aikacin ba, domin dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ta cire masu aikin wucin-gadi da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ga shi fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya a irin wuraren da ba takarda tsakaninsu da maigida suke. Ko a Amurka, inda kusan kashi 70 na ɗalibai ke aiki, cibiyar nazarin ilimi da ƙwadago ta Jami'ar Georgetown ta nuna a 2018 cewa 'ya'yan talakawa su ke yin awoyi masu yawa a ayyukan da ba su da alaƙa da abin da suke karanta, 'ya'yan masu hali kuma su yi kaɗan a wuraren da ke buɗe musu ƙofar aiki gobe. Dukansu sunansu ɗalibai masu aiki, amma ba abu ɗaya suke yi ba. Sai dai kada a ɗauka sana'ar kai ba ta da nata tarkon. Telan da ya karɓi ɗinkin salla ashirin ya mayar da kansa yaron shagon mutum ashirin, mai sayar da data ko turare ta WhatsApp kuwa kwastoma na buga mata ƙarfe ɗayan dare, shagon yana cikin jakarta har cikin aji.

Bayan karatu da aiki, sai kashi na uku, wanda ake kira rayuwar kai, kuma shi aka fi zalunta. Dalilin a fili yake. Idan ɗalibi ya ƙi zuwa aji akwai mai rage masa maki, idan ya ƙi zuwa shago akwai mai yanke masa kuɗi, amma barci ba shi da mai karɓar bashinsa a ranar. Masana barci sun ce baligi na buƙatar awa bakwai ko fiye. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ɗaura wa ɗalibai kusan 100 na wani ajin kimiyyar sinadarai a jami'ar MIT agogon Fitbit mai auna barci tsawon zango, sai aka ga tsawon barci da ingancinsa da rashin sauya lokacinsa sun bayyana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin makinsu. Barcin daren jarrabawa shi kaɗai bai nuna wani tasiri ba, na makonnin da ake ɗaukar darasin ne ya nuna. Ke nan al'adar kwana karatu har asuba, da shayi da goro, ba ta biyan bashin wata uku. Mu kuma rayuwar kai a wurinmu ba hutu ba ce kawai. Zumunci ne mai hakki, biki da suna da ta'aziyya da dubiya, waɗanda rashin zuwansu ke da tsada a idon dangi. Ɗaliba mai aure kuwa, ko babbar 'ya a gida, tana da cikakken aiki tun kafin ta nemi na kuɗi: girki, raino, wanki, jinyar tsofaffi. Ba a biyanta, shi ya sa ba a ƙirga shi, amma daga cikin awa 168 ɗin nan yake fita. Mijin da ya yarda matarsa ta yi digiri bai kuma rage mata komai na gida ba, rabin izini ya bayar.

Suka mafi nauyi ga duk abin da na faɗa ita ce ta yunwa. Mai ƙanne biyar da uwa bazawara zai ce iyakar awa 20 maganar ƙosassu ce, shi in bai yi 50 ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Ba ni da amsar da za ta cika tukunyar. Abin da zan ce shi ne taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ke aikin awa 50 yana riƙe da yunit 24 ba haɗa biyun yake ba, biyan rajistar karatun da ba ya samun yi yake, ƙarshenta ya maimaita kwasa-kwasai ya biya shekarar da ya so gudu. Gara ya kira abin da sunansa, ma'aikaci ne mai karatu, ya nemi tsarin da aka yanka don irinsa: Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, ko karatu daga nesa irin na Jami'ar Ahmadu Bello, ko shirin ƙarshen mako, ko aƙalla ya tsaya a mafi ƙarancin yunit. Na san ana yi wa waɗannan kallon karatu mai daraja ta biyu, kuma wasu sun fi tsada, amma digirin da aka gama a shekara shida ya fi wanda aka yar a ta uku. Akwai kuma masu sukar daga ɗaya gefen, masu cewa takardar ma ba ta ba da aiki, gara a ba sana'a ƙarfi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun ba su hujja, domin ɗalibai da yawa a lokacin suka kama kasuwa, wasu ba su dawo da dukan zuciyarsu ba. Wanda ya yanke cewa kasuwa ce makomarsa bai yi laifi ba. Amma hujjar tasa ta zaɓar ɗaya ce, ba ta yin biyun rabi-rabi ba.

Rabon da ya fi girma na gyaran yana kan jami'o'i, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Kowace jami'a tana da ɗakin karatu da ke son masu jera littattafai, da ofisoshin da ke son masu shigar da bayanai a kwamfuta, da gonaki da ɗakunan gwaji da ƙananan 'yan aji ɗaya masu buƙatar mai yi musu bita. A ware wani kaso na waɗannan ga ɗalibai mabukata, awa 10 zuwa 15 a mako, a tsayar da aikin mako biyu kafin jarrabawa. Wasu jami'o'in ƙasar nan sun gwada irin wannan shiri, sai dai guraben kaɗan ne idan aka kwatanta da dubban masu buƙata. Mafi sauƙi ma shi ne a fitar da jadawalin zango tun makon farko a kuma tsaya a kansa, a sanar da ranar tes da wuri, a daina mayar da Asabar da Lahadi wurin zuba lakcocin da aka yi fashinsu. Ɗalibin da ya tabbata Laraba da yamma da Asabar nasa ne zai iya zuwa gaban maigida ya ce, Alhaji, ga ranakun da zan iya zama, ya kuma cika alkawari har ƙarshen zango.